Wa Ya Ɓata Goron Madugu?

An yi wani Biri a zamanin da, tun jirgin sama bai zo ba, lokacin da manyan jiragen ruwa masu cin kwal ke ratsa teku da mutane da kayansu. Birin nan yana da wayo, ba a musu, amma girman kansa ya fi wayonsa yawa. Ubangidansa bafatake ne mai safarar goro, ana ce masa Madugu Ɗantala.

Madugu yana da wata tsohuwar Akuya kuma, mai haƙuri, wadda ba ta cika magana ba. Tun Biri yana jariri aka tsince shi a kurmi, maƙale a jikin reshe, ba uwa. Nonon Akuyar nan ya sha ya rayu, a jikinta yake kwana idan sanyi ya sauko. Shi ya sa yake ce mata Inna, ita kuma tana ce masa Auta.

Wata shekara Madugu ya ce ya gaji da bin bayan jakuna wata da watanni. Ya ji labarin cewa in mutum ya gangara bakin teku a Ankara, ta ƙasar Gwalkwas, jirgin ruwa zai kai shi Ikko da goronsa, daga can jirgin ƙasa ya wuce da shi Kano. Sai ya rabu da jakunansa, ya ɗaure huhunan goro, ya ja Akuya, ya saɓa Biri a kafaɗa, suka gangara. Cikin su ukun ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara faɗi.

Jirgin da suka shiga, fatake suna kiransa Giwar Teku. Fari ne fat, bene a kan bene, da manyan bututun hayaƙi a samansa. Can sama akwai ɗakuna masu fitilu, inda Turawa da attajirai ke cin abinci ana yi musu kiɗa. Fatake kuwa a ƙasa aka zube su, a fili, ƙarƙashin tamfol, kowa ya jingina da kayansa.

A cikin jirgin akwai wata Kyanwa. A nan aka haife ta, ba ta taɓa taka tudu ba. Halinta ɗaya ne, ba ta shiga maganar kowa. Ko gobara ta tashi, in dai ba a kan wutsiyarta ba ce, sai ta juya ta ci gaba da barci.

Tun ranar farko Biri ya bi igiya ya haye benen sama. Ya yi tsalle, ya yi alkafura, ya kwaikwayi tafiyar wani mai ƙaton ciki. Turawa suka yi ta dariya suna tafi, har wata Baturiya ta ɗora masa 'yar jar dara a ka. To, daga nan fa kansa ya kumbura, ya fi hular girma.

Da yamma ya sauko yana taku ɗai-ɗai. Akuya tana ɗaure kusa da huhunan goro, tun ɗazu take miƙa wuya tana nemansa.

Ta ce, "Auta, ina ka shiga? Hankalina duk ya tashi. Wurin nan ruwa ne ta ko'ina, in ka zame wa zai ciro ka?"

Biri ya waiga hagu da dama, ya ga Kyanwa kwance a kan tulin igiya tana kallonsu da ido ɗaya. Kunya ta kama shi.

Ya ce, "Ke Akuya, kada ki ƙara ce mini Auta a gaban jama'a. Ba ki ga hula ba? Yanzu ni da manya nake hulɗa."

Akuya ta dube shi da mamaki. Ba ta taɓa jin ya kira ta da wani suna ba Inna ba.

Kyanwa ta yi hamma ta ce, "Hular nan na san ta. A bara wani kare ne ya sa ta."

Biri ya ce, "Wa ya sa da ke, mai cin ɓera? Ki bari masu hannu su yi magana."

Kyanwa ta ce, "Na bari." Ta rufe ɗayan idon.

Ba a daɗe da tashi ba teku ta yi fushi. Igiyar ruwa ta dinga ɗaga jirgin tana saukewa, har a wata tasha sai da aka yi kwanaki ana jira, don kwale-kwale ba su iya fitowa ɗaukar kaya. Madugu Ɗantala, mutumin da ya ratsa daji da ƙafa bai taɓa cewa wash ba, sai ga shi kwance a kan tabarma, jiri da amai sun kayar da shi. Ko kansa ba ya iya ɗagawa.

Shi goro, ga wanda bai sani ba, abu ne mai son lallashi. A cikin huhu ake ɗaure shi, a lulluɓe shi da ganyen fita, faffaɗan ganyen nan mai riƙe sanyi. Kullum da safe sai an kwance bakin huhu an yayyafa wa ganyen ruwa. In aka bar shi ya bushe, goro ya yamutse, ba mai saye. Goron nan kuwa shi ne duk abin da Madugu ya mallaka.

Biri ya sha ganin yadda ake yi. Madugu yakan tsoma hannu a 'yar ƙwarya, ya yarfa, ya yarfa, ya mayar da ganye ya ɗaure. Sai ya ce a ransa, "Wannan ai ba wani aiki ba ne. Ni zan yi, kuma ba zan bari kowa ya sani ba sai mun isa Ikko. Ranar nan Madugu zai gane wanda ya ceci dukiyarsa."

Ruwan sha a jirgin a famfo guda ake samu, can kusa da ɗakin kuku. Da safe ake buɗe shi na ɗan lokaci, mutane su yi dogon layi da butoci da goruna, ana ture-ture ana cacar baki. Maƙwabtan Madugu ne ke cika masa gorarsa, a cikinta kuma Biri yake sha, don ya ce shi ba ya haɗa baki da dabbobi.

Ya tsaya ya kalli layin nan, ya girgiza kai.

Ya ce, "Kai, mutane ma dai! Ga ruwa gabas, ga ruwa yamma, har ido ya gaji, amma sun tsaya suna faɗa a kan tsiyayar famfo."

Ya lura ma'aikatan jirgi suna zura bokiti da igiya cikin teku, su jawo shi cike, su wanke daɓen jirgi. In suka tafi karin kumallo sai su bar bokitan a gefe, cike da ruwa garai-garai. Ba layi, ba ture-ture. Biri ya ɗauko 'yar ƙwaryar Madugu, ya kamfato, ya kwance huhuna ɗaya bayan ɗaya ya yayyafa musu har suka jiƙe sharkaf. Da ya gama ya tura ƙwaryar cikin ciyawar da Akuya ke kwanciya a kai, don kada a gani.

Akuya ta shinshina ganyen ta ce, "Auta, daga ina ka ɗebo ruwan nan?"

Ya ce, "Na ce miki ki daina kirana Auta. Wannan kuma ba maganar akuya ba ce."

Ta ce, "Tsaya ka ji mana."

Ina! Ya riga ya kama igiya ya haye sama wurin masu tafi. Ita kuwa a ɗaure take, ba ta iya binsa. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Kullum ta buɗe baki, kullum ya tsere.

Ranar da Madugu ya ɗan ji sauƙi, ya rarrafa ya kwance huhun farko. Yana ɗaga ganye ya saki salati. Ganyen fita ya yi baƙi ya yi laushi, goron da ke sama ya fara yamutsewa, ga kuma wani farin gari ya bi gefen ganyen ya kwanta. Ya buɗe na biyu, haka. Ya buɗe na uku, haka.

Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo Allah, jama'a! Wa ya yi mini wannan?"

Fatake suka taru. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce aljanun ruwa ne ke fitowa su hura wa kaya numfashi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce ita dai tun ranar farko ba ta yarda da idon wani mai dogon gemu ba. Mai dogon gemun ya ji, aka kusa dambe. Madugu ya kai yatsa zai taɓa farin garin, aka riƙe masa hannu.

Aka ce, "Kul! In guba ce fa?"

Biri yana zaune a kan tamfol, ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi yana ta wahala yana ba goro ruwa, wani mugu yana bin bayansa yana ɓata masa aiki! Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa a duba nasa hannun ba.

A benen sama ya taɓa ganin wani jami'in jirgi yana binciken agogon da ya ɓace. Ya ga yadda yake goya hannu a baya, yana leƙa ƙarƙashin kujeru, yana tsare mutane da tambaya. Biri ya ce ai shi ma zai iya. Ya samo gilashin wani fasasshen tabarau da aka jefar, ya kara a ido ɗaya, ya gyara zaman hula, ya fara bincike.

Ya fara da ɓerayen ɗakin ajiya, don ya ga gashin bakinsu fari. Suka rantse garin alkama ne, kuma su ba sa cin goro, yana hana su barci. Ya duba ƙafafunsu, ya duba huhuna, bai ga sawu ba. Ya sake su yana hararar su.

Daga nan ya nufi Kyanwa.

Ya ce, "Ke, tashi. Ina kike jiya da hantsi?"

Ta ce, "Inda ka same ni."

"Shekaranjiya fa?"

"Inda ka same ni."

Ya ce, "Kina kwance a nan kullum, ba ki ga wanda ke taɓa huhunan Madugu ba?"

Kyanwa ta buɗe ido ta dube shi tun daga hula har wutsiya.

Ta ce, "Na gani mana. Amma an ce in bari masu hannu su yi magana."

Biri ya buga ƙafa ya ce, "Za ki faɗa ko ba za ki faɗa ba?"

Ta ce, "Kai da gilashi a ido, me za ka yi da idon mai cin ɓera?"

Ya yi tsaki ya wuce. Ya koma wurin huhuna ya duƙa yana dubawa. A kan wani ganye ya ga inda aka share farin garin, kamar an bi shi da harshe. A jikin igiyar huhu ya ga gashi guda biyu, ja da fari. Ya san mai irin wannan gashin. Amma maimakon ya ji tsoro, sai ya ji daɗi wai ya gano abin da mutane suka kasa.

Da safe ya yi yayyafinsa kamar kullum, ya yi kamar zai hau sama, sai ya laɓe a bayan wata ganga. Da rana ta ɗan ɗaga, ya ga Akuya ta ja igiyarta iyakar tsawonta, ta tura baki ƙarƙashin murfin huhu tana lasar ganye. Tana lasa tana tari, ta huta, ta sake komawa. Leɓenta duk ya yi fari.

Biri ya yi tsalle ya dira a gabanta.

Ya ce, "Na kama ki! Ashe ke ce!"

Akuya ta ɗago kai, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Alhamdu lillahi, yau dai ka tsaya. Auta, ruwan da kake zubawa ne. Ruwan bokitin nan da gishiri."

Biri ya fashe da dariya har gilashin ya faɗi.

Ya ce, "Gishiri? A ruwa? Miya ce? Gishirin da raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma, ana auna shi da ɗan cokali, shi wani zai kwashe ya zuba a ruwa mai girman duniya? Ko duk raƙuman Azbin aka tara ba su isa ba. In za ki yi ƙarya, ki yi wadda za ta shiga kunne."

Ta ce, "Ban san wanda ya zuba ba, amma yana ciki. Lasa ka ji."

Ya ce, "Ni? In lashi bokitin wanke daɓe? Ni da nake shan ruwa a gorar Madugu? Kwaɗayinki ne ya kai ki, yawun bakinki ya ƙone ganye, yanzu kina neman wanda za ki shafa wa."

Ta ce, "Auta, don Allah."

Ya ce, "Ba sunana ba ne."

Ya ruga wurin Madugu, ya kama gefen rigarsa yana ja yana ƙara. Madugu ya taso da ƙyar, ya bi shi, fatake suka biyo baya. Biri ya nuna bakin Akuya, ya nuna ganyen, ya sake nuna bakin Akuya.

Wani ya ce, "Ashe! Bakin akuya ai ba ya taɓa ganye ya bar shi da rai. Farin nan busasshen yawunta ne."

Tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ni dai tun farko na ce a duba dabbar nan." Alhali ba ta taɓa faɗa ba.

Akuya ba ta yi ko kuka ba. Ta koma kan ciyawarta ta kwanta, ta naɗe ƙafafu, ta ƙi motsi. Madugu ya dube ta, hawaye ya cika masa ido.

Ya ce, "Shekara nawa muna tare, ki rasa ranar da za ki cuce ni sai yau da nake kwance?"

Fatake suka yi ta shafa kan Biri suna yaba wayonsa. Wani ma ya ba shi ayaba. Ya ci yana hura hanci.

Da jirgi ya tsaya a gaban Lome, teku ta lafa. Jirgin ba ya iya matsawa gaɓa, sai kwale-kwale suka fito suka kewaye shi, masu kifi da masu lemo da masu kwakwa. A cikin wani kwale-kwale Madugu ya hango ɗaurin ganyen fita ɗanye shar. Ba ya jin harshen mai kwale-kwalen, sai suka yi ciniki da hannu. Madugu ya nuna ganye, ya nuna Akuya. Mutumin ya gyaɗa kai.

Sai a lokacin Biri ya gane abin da ya jawo. Shi a zatonsa za a yi mata faɗa ne, a ɗaure ta nesa da goro, shi ke nan. Ya so ya kama rigar Madugu, amma ya ga mutane suna kallonsa, shi gwanin bincike. Sai ya goya hannu a baya ya tsaya.

Aka sa Akuya cikin ragar igiya da ake sauke kaya da ita. Aka ɗaga ta sama, ƙafafunta suna reto. Da ta zo daidai inda Biri yake, ta dube shi.

Ta ce, "Auta, ka riƙa kwana a bayan babban huhu, iska ba ta kaiwa can. Ka san ƙirjinka ba ya son sanyi."

Biri ya kau da kai, ya yi kamar yana gyara hula. Aka sauke ta, mai kwale-kwale ya kama tuƙi. Ta yi ta ƙanƙancewa a kan ruwa har ta shige cikin sauran kwale-kwalen. Jirgi ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, aka ci gaba da tafiya.

Madugu da maƙwabtansa suka zauna suka juye goron, suka tsince wanda ya lalace, suka naɗe sauran a sabon ganye. Aikin ya gajiyar da shi, jiri ya dawo, ya koma ya kwanta. Biri kuwa da sanyin yamma ya sauko ya je wurin ciyawar nan, ya tarar ba kowa. Ya kwanta a bayan babban huhu. Gaskiyarta, iska ba ta kaiwa can, amma ba ɗumi.

Da gari ya waye ya ce wa kansa, "Yanzu da aka kawar da mai ɓarna, aikina zai fito." Ya tono ƙwarya daga cikin ciyawa, ya yi ta zirga-zirga tsakanin bokiti da huhuna, ya jiƙe sabon ganyen nan tas. Saura huhu ɗaya, ya koma ya duƙa a bakin bokiti zai kamfata. Daidai nan wata igiyar ruwa ta bugi jirgin. Biri ya tafi da ka, tsulum, cikin bokiti.

Ya fito yana tari yana kaki, ya haɗiyi ruwa ba kaɗan ba. Harshensa ya ɗauka, maƙogwaronsa ya ɗauka, idanunsa suna yaji. Gishiri ne. Gishiri zalla, har da ɗaci.

Ya zauna a daɓe bai ko girgiza jiki ba. Rana ta bugi gashin hannunsa, ruwan ya bushe, sai ga farin gari ya fito a kai, irin wanda ya gani a ganye. Ya kai harshe ya lasa.

Kyanwa tana kan tulin igiyarta. Ta ce, "Mai bincike, ka kama ɓarawon?"

Biri ya ce da ƙaramar murya, "Kin sani?"

Ta ce, "Ko ɓeran da aka haifa jiya a jirgin nan ya san ba a shan ruwan teku."

Ya daka mata tsawa, "To don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Wadda ta shayar da kai ta faɗa, ka ji? Balle ni." Sa'an nan ta tashi zaune, abin da ba ta cika yi ba. "Bari in gaya maka sauran, tunda yau kunnenka a buɗe yake. Kana tsammani daɗi take ji? Kullum in ka gama ɓarnarka ka haye sama, ita ke bin ganyen tana lashe gishirin, ko goron zai tsira. Har leɓenta ya tsage, ga ƙishi, ga ruwan da ake ba ta ɗan kaɗan. Ranar da ka jawo Madugu, ka ga ta koma ta kwanta ta ƙi tashi? A kan ƙwaryarka ta kwanta. Ƙwaryar ta yi fari da gishiri, ga shatin yatsunka a jiki. Da ta tura ta da ƙafa gaban mutane, da kai aka sa a raga."

Biri ya juya ya dubi ƙwaryar da ke yashe a daɓe.

Kyanwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ma da na tura ta. Ina kwance ina kallo, na ce ba abin da ya shafe ni. Tun jiya barci ya ƙi zuwa."

Ƙarar faɗawar Biri cikin bokiti ta riga ta ta da Madugu. Ya zo ya tarar da Biri jiƙe, ga ƙwaryarsa da ya daɗe yana nema, ga huhuna a kwance suna ɗiga. Ya tsoma yatsa a sauran ruwan ƙwaryar ya kai baki. Sa'an nan ya juya ya dubi bayan jirgi, inda Lome ta riga ta ɓace.

Ya ce, "Na zalunci baiwar Allah. Na ba da ita a kan ganye, ga ganyen ma ya tafi."

Biri ya ruga ƙarshen jirgi, ya kama ƙarfe, ya yi kururuwa iyakar ƙarfinsa.

"Inna! Inna!"

Ba abin da ya amsa sai ƙugin inji. Ya je ya kama wandon wani ma'aikaci yana nuna baya, yana roƙo a juya. Mutumin ya ɗauka wasa yake, ya yi dariya ya jefa masa biskit. Jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane ba ya juyawa saboda akuya.

A Ikko aka sauke huhuna. Maƙwabta sun taimaka an wanke goron da ruwan famfo, amma fiye da rabi ya riga ya tafi. Madugu bai doki Biri ba, bai ma zage shi ba. Biri ya so a ce ya doke shi. Da ya zo zai hau kafaɗarsa kamar kullum, Madugu ya sauke shi a hankali ya miƙa wa kukun jirgi.

Ya ce, "Riƙe shi. Ba mugu ba ne. Amma in na dube shi ita nake gani, kuma laifina nake tunawa."

Ya saɓa buhunsa ya sauka, bai waigo ba.

Haka Biri ya zama ɗan jirgi. Giwar Teku ta yi ta kai da kawowa shekara da shekaru, yana ciki. Bai ƙara hawa benen sama ba. Jar darar tana can ta faɗa teku ranar da ya yi kururuwa, bai ko bi ta da kallo ba. Da safe yakan shiga layin famfo da ɗan gwangwaninsa, ya jira har a zo kansa.

Duk lokacin da jirgi ya tsaya a gaban Lome, tun kafin a saki ƙarfen tsayawa yana bakin jirgi a zaune. Kyanwa takan zo ta zauna kusa da shi. Yakan bi kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya da ido, mai kifi, mai lemo, mai kwakwa. In ya hango wani abu ja da fari a gaɓa sai ya miƙe tsaye ya kira, "Inna!" Wani lokaci zanen wata mata ne, wani lokaci ɗan maraƙi. Har gashin kansa ya yi furfura bai sake ganinta ba, kuma ba wanda ya ƙara ce masa Auta.

Darasin wannan labari shi ne, idan abu ya lalace, ka fara duba hannunka kafin ka nuna wani da yatsa. Biri bai rasa mai gaya masa gaskiya ba, ya dai ga ya fi ƙarfin ya saurara, ya fi ƙarfin ya lasa ya ji. Kada sabuwar hula da tafin baƙi su sa ka ji kunyar wanda ya rene ka. Wanda kuma ya ga ana zaluntar wani ya yi shiru, kamar Kyanwa, shi ma yana da nasa kason na nadama. Yara, in kun ɓata wa wani rai, ku ba shi haƙuri tun yana kusa da ku, don akwai rabuwar da ba a sake haɗuwa.